Shekarun Duniya: Tarihin Saɓanin Kiristoci a Kan Farkon Halitta

Gabatarwa

Babu wata al'umma da ta taɓa zama a bayan ƙasa ba tare da ta tambayi kanta yadda duniya ta fara ba, da kuma tsawon zamanin da ta yi. Ga mabiya addinin Kirista, amsar farko tana cikin Littafin Farawa, watau na ɗaya daga cikin littattafan Attaura da suka buɗe Littafi Mai Tsarki. A nan aka ba da labarin halittar sama da ƙasa cikin kwana shida, aka kuma jero zuriyar Annabi Adamu, uba bayan uba, tare da shekarun kowannensu. Daga ƙarni na 18 zuwa yau kuwa, masana kimiyya sun zo da wata amsa daban. Sun ce duniya ta haura shekara miliyan 4,500, kuma halittu masu rai sun yi ta sauyawa sannu a hankali, wasu suna fitowa daga wasu. Wannan sauyawa ita ake kira juyin halitta.

Galibin ɗalibai sukan ɗauki wannan labari tamkar yaƙi ne tsakanin coci da kimiyya, amma tarihi bai goyi bayan hakan ba. Mafi yawan gardamar ta gudana ne tsakanin Kiristoci su ya su, kuma abu biyu suke jayayya a kai: yadda ya kamata a karanta nassi, da wanda ke da ikon yanke abin da za a koya wa yara a makarantar gwamnati. Makasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin saɓanin, a ga yadda ra'ayin nan na cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 zuwa 10,000 ba ya kusa ɓacewa daga bakin manyan malaman coci, kafin a sake farfaɗo da shi a shekarar 1961.

Magabata da Lissafin Zuriya

Tun a ƙarni na 3 wani malami na birnin Iskandariya mai suna Origen ya lura da wata matsala a cikin labarin kwana shida. Nassi ya ce an halicci rana da wata a kwana na huɗu, to da me aka auna safiya da maraice na kwana ukun farko? Saboda haka ya ce ba a nufin a ɗauki kwanakin a zahirinsu. Bayansa aka yi Augustine, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, bishop na garin Hippo, inda Annaba ta ƙasar Aljeriya take a yau. Shi a ganinsa Allah ya halicci kome a lokaci guda, kwanakin shida kuwa tsari ne na bayani domin fahimtar ɗan Adam. Ya kuma yi wa 'yan'uwansa gargaɗi cewa idan Kirista ya dage a kan wata magana game da taurari ko ƙasa wadda masu ilmin abin suka san kuskure ce, ya kuma jingina ta ga nassi, to ya jawo wa nassin raini ne kawai. Duk da haka kada a ɗauka waɗannan magabata sun san tsufan duniya. Augustine kansa ya riƙe cewa ɗan Adam bai cika shekara 6,000 a duniya ba, domin a zamaninsa babu wata hujja da ta nuna akasin haka.

Hanyar da aka bi wajen samun irin wannan adadi ita ce lissafin zuriya. Sura ta 5 da ta 11 na Littafin Farawa sun faɗi shekarun kowane uba a lokacin da ya haifi magajinsa. Sai a tara waɗannan, a haɗa da shekarun sarautar sarakunan Bani Isra'ila, har a iso wani zamani da tarihin Babila ko na Girka ya tabbatar. Amma jimillar ba ta taɓa zama ɗaya ba, domin adadin da ke cikin nassin Ibrananci ya saɓa wa na fassarar Girkanci. Kalandar Rumawan Gabas ta sa farkon duniya a shekara 5509 kafin haihuwar Annabi Isa, ta Yahudawa ta ce 3761, malamin nan na Ingila mai suna Bede ya ce 3952.

Lissafin da ya fi shahara shi ne na James Ussher, Babban Bishop na Armagh a ƙasar Ailan, wanda ya buga a 1650. Ya ce an fara halitta a daren da ya gabaci ranar Lahadi 23 ga Oktoba, shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. A yau ana yi wa wannan adadi dariya, alhali Ussher babban masanin harsuna ne da tarihi, kuma ya yi aikinsa da iyakar kayan aikin zamaninsa. Abin da ya ba lissafinsa ƙarfi wani al'amari ne na ɗab'i. Daga 1701 aka riƙa buga shekarunsa a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Turanci. Ashe kuwa idan hashiya ta daɗe kusa da nassi, mai karatu yakan manta da cewa hannun malami ne ya rubuta ta. Da haka talakawan Ingila da Amurka suka tashi suna ganin 4004 a kan shafin farko, suna zaton wahayi ne.

Shaidar Duwatsu

Waɗanda suka fara rusa wannan lissafi, da yawansu malaman coci ne. A 1669 Nicolaus Steno, mutumin Denmak wanda daga baya ya zama bishop na Katolika, ya bayyana cewa duwatsun da laka da yashi suka haifar suna kwanciya ne hawa-hawa, kuma na ƙasa ya girmi na sama. Da aka shiga haƙar kwal da yanka magudanan jiragen ruwa a Ingila, sai aka ga waɗannan shimfiɗu ƙuru-ƙuru. Wani ma'aunin ƙasa mai suna William Smith ya lura kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da ke cikinta, ba sa cakuɗewa, ya kuma zana taswirarsu a 1815. A Sikotilan James Hutton ya nuna wuraren da tsofaffin shimfiɗu suka miƙe tsaye, ruwa ya cinye kawunansu, sa'an nan sababbi suka kwanta a kansu. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana bukatar zamani mai tsawo ƙwarai.

Da farko an yi ƙoƙarin danganta wasu daga cikin alamun nan da Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. William Buckland, limamin coci kuma malamin ilmin duwatsu a Jami'ar Oxford, ya rubuta littafi a 1823 yana kare wannan ra'ayi, daga baya ya janye. Takwaransa na Jami'ar Cambridge, Adam Sedgwick, shi ma limami, ya tashi a gaban ƙungiyar masana duwatsu a 1831 ya amsa cewa ya yi kuskure da ya jingina tsakuwar da ke bisa ƙasar Turai ga wannan ruwa. Waɗannan mutane ba su bar addininsu ba. Abin da suka sake shi ne tafsiri.

Hanya biyu aka bi. Ta farko ita ce ta Thomas Chalmers, babban mai wa'azi na Sikotilan, wanda ya ce tsakanin aya ta ɗaya da ta biyu ta Littafin Farawa akwai tazarar zamani da nassi bai faɗi tsawonta ba, kuma a cikinta duwatsu suka yi shekarunsu. Ta biyu ta dogara a kan kalmar Ibrananci yom, 'yar'uwar yaum ta Larabci, wadda takan ɗauki ma'anar yini, takan kuma ɗauki ma'anar zamani. Hugh Miller, magini da ya zama masanin burbushin kifaye, shi ya yaɗa wannan fassara. Kafin 1850 mafi yawan malaman coci masu ilmi a Ingila da Amurka sun karɓi ɗaya daga cikin biyun. Wani masanin halittun ruwa, Philip Gosse, ya kawo mafita ta uku a 1857. Ya ce kamar yadda aka halicci Adamu baligi, da cibiya, alhali ba a haife shi ba, haka aka halicci duniya sabuwa da kamannin tsufa. Abokinsa, limami Charles Kingsley, ya ƙi wannan magana, domin a ganinsa ta mai da Mahalicci mai yaudarar bayinsa.

Darwin da Rabuwar Kai

Abin lura a nan shi ne an riga an yarda da tsufan duniya kafin Charles Darwin ya buga littafinsa a kan asalin nau'o'in halittu a ranar 24 ga Nuwamba 1859. Hasali ma Sedgwick ne ya koya wa Darwin aikin duwatsu a fili a 1831. Sabon abin da Darwin ya kawo shi ne bayanin yadda sauyi ke aukuwa. Kowace halitta tana haihuwar fiye da abin da zai rayu. 'Ya'yan ba su zama daidai da juna. Waɗanda siffarsu ta fi dacewa da muhallinsu su suka fi tsira su hayayyafa. Kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke, haka yanayi ke tankaɗe da rairaya, har bayan dubban zuriya a sami nau'i dabam. A 1871 ya fito fili ya ce ɗan Adam da birai kakansu ɗaya.

Nan take kan Kiristoci ya rabu. A taron masana da aka yi a Oxford ranar 30 ga Yuni 1860, Bishop Samuel Wilberforce ya soki ra'ayin, Thomas Huxley ya mayar masa da martani. A Amurka Charles Hodge na makarantar tauhidi ta Princeton ya rubuta a 1874 cewa bayanin Darwin ya kore nufin Allah daga halitta, saboda haka musun Allah ne. Amma shi Hodge ɗin bai yi jayayya da tsufan duniya ba. Asa Gray kuwa, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard kuma Kirista mai riƙo da ibada, ya zama babban mai kare Darwin a ƙasar, yana cewa juyin halitta hanya ce da Allah ya bi.

Wani ɓangare na rikicin ya taso ne daga Afirka. John Colenso, bishop na Natal a Afirka ta Kudu, yana fassara Attaura zuwa harshen Zulu sai mataimakinsa William Ngidi ya tambaye shi ko da gaske ya yarda dukan dabbobin duniya sun shiga jirgi guda. Colenso ya kasa ba shi amsar da shi kansa bai gamsu da ita ba. Littafin da ya fara bugawa a 1862 ya sa aka yanke masa hukuncin tuɓewa daga muƙaminsa, har sai da majalisar shari'a ta Sarauniya ta soke hukuncin a 1865. Sannu a hankali dai ƙura ta lafa. Da Darwin ya mutu a 1882 an binne shi a cikin cocin Westminster, maƙabartar sarakunan Ingila. Frederick Temple, wanda ya karɓi juyin halitta a laccocinsa na 1884, ya zama Babban Bishop na Canterbury a 1896.

Yadda Aka Auna Shekarun

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 an san duniya tsohuwa ce, amma babu ma'auni tabbatacce. Lord Kelvin ya ƙiyasta daga yadda zafin cikinta ke hucewa, ya tsaya a kan shekara miliyan 20 zuwa 40 a 1897, adadin da ya yi wa bayanin Darwin kaɗan. Ma'aunin ya samu ne bayan gano cewa wasu ma'adinai suna rikiɗa da kansu. Alal misali, wani nau'in yuraniyom yana komawa dalma, kuma rabinsa ke rikiɗa cikin kimanin shekara miliyan 4,470, ko da zafi ko da sanyi. Idan aka auna yawan yuraniyom da ya rage a cikin dutse, da yawan dalmar da ya haifar, sai a san shekarunsa. Bertram Boltwood ya gwada haka a 1907. A 1956 Clair Patterson ya auna dalmar da ke cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama, ya samu shekara miliyan 4,550. Awon da aka yi ta yi tun daga lokacin da wasu ma'adinai bai gusa daga wannan adadi ba sai ɗan kaɗan.

Shari'ar Dayton

A farkon ƙarni na 20 wata ƙungiya ta taso a cikin Furotestan na Amurka domin kare ginshiƙan aƙida daga masu sassauci. Tsakanin 1910 da 1915 suka buga ƙasidu 90 a cikin juzu'i 12. Abin mamaki, ko a cikin waɗannan ba a dage a kan shekara 6,000 ba, kuma wasu marubutan, kamar James Orr, sun yarda da tsufan duniya a fili. Abin da ya tayar da hankalin jama'a shi ne yawaitar makarantun sakandare, inda 'ya'yan manoma suka fara dawowa gida da labarin dangantakarsu da birai.

Jagoran masu adawa shi ne William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka sau uku. Dalilansa sun wuce tafsiri. Yana ganin aƙidar cewa mai ƙarfi shi ke tsira ta taimaka wajen hura wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yana cewa iyayen da ke biyan haraji su ke da ikon faɗin abin da za a koyar. Tsoronsa ba ya rasa tushe, domin littafin da ake karantarwa a jihar Tennessee ya jera jinsunan mutane daraja-daraja, ya sa Turawa a sama. A watan Maris 1925 jihar ta kafa dokar hana koyar da cewa ɗan Adam ya fito daga wata dabba. A watan Yuli aka gurfanar da John Scopes, malami ɗan shekara 24, a garin Dayton. Lauyansa Clarence Darrow ya kira Bryan kansa ya ba da shaida, kuma a gaban jama'a Bryan ya amsa cewa kwanakin shida suna iya zama dogayen zamuna. An ci Scopes tarar dala 100, Bryan ya mutu bayan kwana biyar, kotun ɗaukaka ƙara ta soke tarar a 1927 saboda kuskuren ƙa'ida, dokar kuwa ta zauna har 1967. Masu buga littattafan makaranta suka yi ta rage batun domin gudun asarar kasuwa.

Farfaɗowar 1961

A zamanin Bryan mutum ɗaya ne fitacce da ke cewa duniya sabuwa ce, watau George McCready Price, ɗan ɗariƙar masu kiyaye ranar Asabar. A wurinsu hutun rana ta bakwai ba shi da ma'ana sai kwanakin shida sun zama na sa'a 24. A littafinsa na 1923 Price ya ce Ruwan Ɗufana ne ya shimfiɗa kusan dukan duwatsu masu burbushin halittu cikin shekara guda. Mabiyansa ba su da yawa a lokacin.

Al'amura suka sake bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957. Gwamnatin Amurka ta tsorata, ta zuba kuɗi a gyaran manhajar kimiyya, juyin halitta ya koma tsakiyar littattafan makaranta. A cikin wannan yanayi, a 1961, malamin tauhidi John Whitcomb da injiniyan ruwa Henry Morris suka buga The Genesis Flood, inda suka sabunta ra'ayin Price suka miƙa shi ga sauran Furotestan. Hujjarsu mafi ƙarfi ta aƙida ce, kuma ya kamata a fahimce ta yadda masu ita suka fahimce ta. Bisa karatunsu na wasiƙun Bulus, mutuwa ta shigo duniya ne saboda zunubin Adamu, Almasihu kuma ya zo ya kawar da ita. Idan halittu sun yi miliyoyin shekaru suna mutuwa kafin Adamu, to a ganinsu tushen ceto ya girgiza, kuma wanda ya yi tawili a shafin farko ba shi da inda zai tsaya. Masu saɓa musu daga cikin coci suka amsa cewa mutuwar da ake nufi ita ce rabuwar ɗan Adam da Ubangijinsa. Masana duwatsu kuwa suka nuna shimfiɗun gishiri, da sawun dabbobi, da busasshiyar laka mai tsagewa a tsakiyar jerin, abubuwan da ba sa samuwa a ƙarƙashin ambaliya.

Daga nan gardama ta koma kotu, domin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke dokar Arkansas da ta hana koyar da juyin halitta. Sai aka nemi a koyar da ra'ayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa. Wata kotun tarayya ta soke wannan a Arkansas a 1982, kuma cikin waɗanda suka kai ƙarar akwai bishop-bishop na Katolika da Methodist da wasu ɗariƙu, waɗanda ba su yarda gwamnati ta koyar da tafsirin ɓangare ɗaya da sunan kimiyya ba. Kotun Ƙoli ta yanke irin wannan hukunci a kan Louisiana a 1987. A 2005 wata kotu a Pennsylvania ta hana sabon salon ra'ayin, wanda ke cewa tsarin halittu ya nuna hannun mai tsarawa ba tare da an ambaci sunansa ba. Faɗuwa a kotu ba ta kashe ra'ayin ba. A 2016 an buɗe wani katafaren jirgi na katako a Kentucky bisa awon jirgin Annabi Nuhu. A binciken kamfanin Gallup na 2024, Amurkawa 37 cikin 100 sun ce an halicci ɗan Adam yadda yake cikin shekara 10,000 da suka wuce, 34 sun ce juyin halitta ne da jagorancin Allah, 24 suka ce babu hannun Allah a ciki.

Cocin Katolika ta bi wata hanya. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya halatta bincike a kan asalin jikin ɗan Adam, da sharaɗin cewa rai Allah ne ke halittarsa kai tsaye. A 1996 Paparoma John Paul na 2 ya ce hujjoji sun ɗaga juyin halitta daga matsayin zato. Wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, Georges Lemaître, fada ne ɗan ƙasar Beljiyam. A cikin Furotestan ma akwai irin su Francis Collins, wanda ya shugabanci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, yana kuma riƙe da imaninsa.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa a kowane mataki akwai Kiristoci a ɓangarorin biyu: Buckland da Gosse, Gray da Hodge, Bryan da Price, Morris da limaman Arkansas. Adadin 4004 lissafin malami ne da aka buga a gefen shafi, kuma ra'ayin da ake kira na gargajiya a yau ya sami ƙarfinsa ne daga littafin 1961 da rikicin manhajar makarantun Amurka. Ga ɗalibi, darasin shi ne ya riƙa tambayar ina nassi ya tsaya, ina kuma fassarar mutane ta fara, ya kuma san ta wace hanya aka auna kowane adadi kafin ya karɓa ko ya ƙi. Ga ma'aikacin da ke tsara abin da za a koyar, Dayton ta bar gargaɗi iri biyu. Dokar da ta hana ilmi ta bar ɗaliban Tennessee da giɓi na shekara 42, littafin da aka kare da sunan kimiyya kuma yana ɗauke da wariyar launin fata wadda kimiyyar kanta ta yi watsi da ita daga baya.